Ranar da na ƙware a tsarin gama aikin gida da wuri

Abin ya samo asali ne daga wata Litinin da malamin lissafi ya tsayar da ni a gaban aji, ya ɗaga littafina sama yana nuna wa kowa shafin da babu komai a cikinsa sai kwanan wata. Kwanan watan ma na makon da ya wuce ne. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A nan tsaye na yi wa kaina alkawari: daga yau na daina fafe gora ranar tafiya. Zan zama irin ɗalibin nan mai tsari, wanda ke gama jinga tun rana ba ta faɗi ba, ya zauna yana kallon sauran mutane da tausayi.

A ranar an ba mu aiki uku: tambayoyi 10 na lissafi, insha'i mai shafi ɗaya, da zanen ganye tare da bayanin yadda yake sarrafa hasken rana. Malam ya faɗi lambar shafin lissafin, abokan zamana suka rubuta. Ni ban rubuta ba. Mai ƙwaƙwalwa irin tawa ina ruwansa da rubuta lamba biyu kacal?

Ƙarfe 4 muka shigo gida ni da ƙanwata, autar gidanmu. Ita ba ta da wani tsari, baiwar Allah. Jakarta kawai ta zazzage a kan tabarma, ta kwanta rub da ciki, ta kama rubutu tana kaɗa ƙafa. Na dube ta na girgiza kai. Haka jahilci yake, mutum ya faɗa wa aiki babu bincike babu nazari.

Ni waya na ɗauka, na shiga intanet neman yadda masana ke gama aiki cikin sauri. Kuma gaskiya na ƙaru. Na karanta labarin wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, wanda a ƙarshen shekarun 1980, yana ɗalibin jami'a, karatu ya gagare shi, sai ya ɗauko ɗan agogon kicin mai siffar tumatir ya riƙa auna wa kansa lokaci. Daga nan aka samu tsarin da ake kira Pomodoro, wato tumatir da harshensu: ka yi aiki minti 25 ba ka waiwayi komai ba, ka huta minti 5, in ka yi zagaye 4 ka yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Na ce to, wannan ai ni aka ƙirƙira wa, musamman ɓangaren hutun.

Na kuma ci karo da wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda a 1885 ya wallafa binciken da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi yi wa mutum ɓarna a sa'o'in farko bayan ya koyi abu. Na yi masa kallon tausayi na wuce. Wannan matsalar wasu ce.

Wanda ya gama da ni shi ne wani Bature ɗan Birtaniya, Cyril Northcote Parkinson. A 1955 ya rubuta cewa aiki kumbura yake yi har sai ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Na karanta sau uku, sannan na fassara shi yadda ya yi mini daɗi: tun da aiki kumbura yake, ai kuskure ne babba in fara shi ƙarfe 5, don zai kumbura ya kai ni dare. Gara in matse shi a lungu, in fara ƙarfe 8, ya rasa inda zai kumbura. Da na ɗago kaina daga wayar, ƙarfe 5 da rabi ta yi, Auta ta daɗe da gama nata har ta mayar da littattafanta jaka.

"Yaya, ba ka fara ba?"

"Ke dai yi shiru. Akwai abin da sai kin girma za ki gane."

Ƙarfe 8 daidai na zauna, don ni mutum ne mai cika alkawari. Amma ba a fara aiki babu jadawali. Na yago takarda daga tsakiyar littafi, na ɗauko rula, na ja layuka. Layi na uku ya karkace, na yage na sake. Na shafa wa lissafi jan launi, insha'i shuɗi, kimiyya kore saboda ganye. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: "10:00, murnar kammala aiki." Sannan na feƙe fensir huɗu, duk da cewa da biro ake rubutun. Wannan hidima ta ci minti 45, wanda ke nufin jadawalin ya tsufa tun kafin a fara amfani da shi. Ban damu ba. Ya yi kyau ƙwarai.

Sai ga wata sabuwar matsala. Shawarwarin da na karanta a intanet sun ce a nisanta waya daga inda ake karatu, ni kuma agogon da zan auna minti 25 ɗin a cikin wayar yake. Bayan dogon tunani na naɗa Auta mai tsaron lokaci. Na ce ta zauna a bakin ƙofa, ta saita 25, in ta kaɗa ta sanar da ni, sannan ta saita 5 na hutu. Ta karɓa da hannu biyu, ladabin da ban taɓa gani a wurinta ba.

Na buɗe littafi, na rubuta kwanan wata, na ja layi a ƙarƙashinsa. Ina shirin rubuta lamba 1 sai ƙararrawa ta kaɗa.

"Yaya, lokaci ya yi."

Na yi mamaki, amma na tuna an ce idan hankali ya nutsu a kan aiki, lokaci gudu yake yi ba a sani ba. Ashe har na kai wannan matsayi! Na miƙe, na yi miƙa, na zaga tsakar gida minti 5 cif, ina jin kaina kamar wani shehin malami. Na dawo na kwafe rabin tambaya ta farko, ƙararrawa ta sake kaɗawa. Na sake fita hutu. A zagaye na uku ne Umma, wadda ke kallon shige da ficena tun ɗazu, ta kasa haƙuri.

"Wai kai lafiya kake ta safa da marwa? Cikinka ne ke ciwo?"

"A'a Umma, karatu nake yi. Tsarin Italiya ne."

Ta karɓi wayar daga hannun Auta ta duba, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Daƙiƙa 25 yarinyar nan take saita mini. Hutun kuwa minti 5 ɗinsa cikakke take ba ni, don a lokacin ne take buga wasanta a wayar hankali kwance. Har yau ta rantse kuskure ne. Har yau ban yarda ba.

Umma ta kore ta ta kwanta, ta ajiye mini agogon bango a gabana, ta tafi da wayar ɗakinta. To a nan ne fa, wajen ƙarfe 9 da rabi, na yi aiki na gaskiya, kuma dole in yi wa mai tumatir adalci: abin nasa yana ci. Da babu waya, babu inda ido zai je sai takarda. Na buɗe shafi na 47, na tarar da tambayoyi a kan alwatika mai kusurwar digiri 90, ka'idar Pythagoras. Gefe ɗaya 3, ɗayan 4: 3 sau 3 a tara da 4 sau 4 ya ba da 25, wato 5 sau 5, dogon gefen 5 ke nan. Ta gaba 5 da 12, amsa 13. Ta gaba 8 da 15, amsa 17. Biro sai gudu yake kamar an sa masa mai. Wani sashe na zuciyata ya ce, anya wannan sauƙin ba shi da dalili? Kamar fa ka taɓa ganin tambayoyin nan. Na ce masa ai haka ƙwarewa take, komai sai ya zama kamar ka san shi.

Zagaye biyu na gama duka goman. Bisa ƙa'ida sai an yi huɗu ake dogon hutu, amma na lissafa har da ukun da Auta ta cuce ni, na ga har na wuce. Na ɗora kaina a kan tebur, na ce minti 15 kawai.

Barci ɓarawo ne. Muryar Umma ce ta tashe ni da safe, wuya ya ƙage, rula ta manne a kumatuna ta bar mini sawun santimita tun daga kunne har haɓa. Insha'i babu, ganye babu. A hanya na zana wani abu mai kama da kifi na rubuta "ganye" a ƙasansa don kada a yi gardama. Amma lissafi fa na gama, kuma shi ne mai muhimmanci, don a nan aka ci mutuncina.

Da malam ya shigo, ni na fara kai littafi, har da ɗan tari don a lura. Ya buɗe, ya duba, ya gyara zaman tabarau, ya sake dubawa.

"Duka daidai ne," in ji shi. Na juya na kalli aji.

"Sai dai wannan aikin zangon da ya wuce ne. Shafi na 74 na ce, ba 47 ba."

Wallahi a lokacin fuskar Bajamushen nan ce ta faɗo mini a rai, duk da ban taɓa ganinta ba. Tsugune kuma ba ta ƙare ba, don yana rufe littafin jadawalina ya zamo ya faɗi ƙasa. Malam ya ɗauka, ya yaba launukan, ya karanta wa aji layi bayan layi da muryar mai karanta labarai, har ya iso kan "10:00, murnar kammala aiki." Ya tambaye ni ko an yi murnar lafiya. Ya ce gobe in kawo shafi na 74, in haɗa da na 75 tun da ni mai tsari ne.

Da yamma muna shiga gida na zazzage jakata a kan tabarma, na kwanta rub da ciki kusa da Auta. Ta dube ni, ta dubi wayata da ke caji a gefe.

"Yaya, in saita maka?"