Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: ukubar harajin rancen albashi a Birtaniya

Abin da hukumar tara haraji ta Birtaniya, wato HMRC, take yi wa dubban ma'aikata da sunan Loan Charge, wato harajin rancen albashi, ya wuce karɓar haƙƙin gwamnati, ya shiga cin zali. Ban ce kada a biya haraji ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda aka zaɓa aka shaƙe wa wuya, da wanda aka ƙyale ya tafi salin alin.

Ma'aikacin wucin gadi, ko nas ce ko masanin kwamfuta, yakan sami aiki ta hannun dillalan ɗaukar ma'aikata, su kuma su haɗa shi da wani kamfani da zai riƙa biyansa. Idan takardar albashi ta zo, sai ya ga ɗan abin da bai taka kara ya karya ba an rubuta shi albashi, ragowar kuɗin kuma an kira shi rance, rancen da ba a sa ran biyansa, domin ba a cire haraji a kan rance. Masu tallar tsarin suka rantse cewa lauyoyi sun duba, doka ta yarda, suna yankar kamashonsu duk wata. Akwai waɗanda suka shiga da saninsu, ba na musun wannan, amma da yawa an nuna musu ne cewa in ba ta wannan ƙofar ba, babu aiki.

Shekaru suka shuɗe, a lokuta da dama ma hukumar ba ta buɗe bincike cikin wa'adin da doka ta ba ta ba. Sai a kasafin kuɗin 2016 aka sanar da sabon haraji, aka mayar da shi doka a 2017, aka ce duk rancen da ba a biya ba zuwa 5 ga Afrilun 2019 za a dunƙule shi a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga na shekara guda, kuma da farko har zuwa 1999 aka koma baya. Mutum wajen 50,000 abin ya shafa. Ta yaya za a tara albashin shekara goma a ɗora wa shekara ɗaya, har a cilla mai ƙaramin ƙarfi cikin rukunin masu biyan kashi 45 cikin ɗari, sannan a kira wannan adalci? Sai da aka kai ruwa rana kafin binciken Sir Amyas Morse, tsohon babban mai binciken kuɗin gwamnati, na Disambar 2019 ya sa aka taƙaita abin ga rancen da aka karɓa daga 9 ga Disambar 2010.

Amsa wasiƙar hukumar ita kanta wata ukuba ce. Ambulan mai ruwan ƙasa ya faɗo ta ƙofa, a ciki ga adadin da ya fi abin da mutum yake samu a shekara, ga kuɗin ruwa a kai, ga kwana 30 kacal na ɗaukaka ƙara. Ana so ya kawo takardun shekaru goma sha da suka wuce, alhali kamfanin da ya biya shi ya rushe tuntuni, masu shi sun buɗe wani da sabon suna. In ya yi shiru, lissafin ya tabbata a kansa. In ya nemi ƙwararren mai ba da shawara, wannan ma kuɗi ne da ba shi da su. Wasu kuma, bayan duk wannan, sai ga wasiƙa daga kamfanonin da suka sayi tsofaffin rancen suna cewa a biya su, wato hukuma ta ce albashi ne, waɗannan sun ce bashi ne, duka a kan kuɗi ɗaya.

Hukumar da kanta ta miƙa batun aƙalla mutum goma cikin waɗanda abin ya shafa da suka kashe kansu ga masu bincike na waje. Wannan kaɗai ya isa a ce an dakata an sake tunani tun daga tushe. Amma da gwamnati ta naɗa Ray McCann, wani masanin haraji, a Janairun 2025 ya sake duba lamarin, iyakar aikin da ta ba shi shi ne gano abin da ke hana mutane sasantawa su biya. Ni kuwa tambayata ita ce, yaushe za a aika irin wannan ambulan gidajen waɗanda suka ƙirƙiro tsarin, suka tallata shi, suka ci kamashonsa shekara da shekaru?