Matasan Jos, kafin ku ce jarida ta yi son kai

Duk lokacin da zaɓe ya matso, ƙorafi ɗaya ake ji a majalisun Bauchi Road, Gangare da Anguwan Rogo: malaminmu ya faɗi wanda za a zaɓa an yi masa ca, nasu ya faɗa an yi shiru. Ka tsallaka Tudun Wada ko Jenta, za ka tarar matasan coci suna wannan kukan, sunaye kawai aka sauya. Son kai a kafafen yaɗa labarai gaskiya ne, yana nan. Abin da nake jiye mana shi ne mun mayar da shi garkuwa, da zarar an taɓa namu sai mu ɗaga ta, ba tare da mun duba ko abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne ba.

Mu tuna 2022. Da jam'iyyar APC ta tsayar da Tinubu da Shettima, dukansu Musulmi, ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN ta fito fili ta ƙi tikitin, malamai da dama kuma suka hau mumbari suka kare shi, har da na nan Jos. A coci-coci an yi kira a zaɓi Peter Obi, wanda shi ya lashe Filato da Abuja a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023. Aiki iri ɗaya ɓangarorin biyu suka yi. Alhali Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen, ba ta ware kowa ba. Sashe na 92 ya hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Sashe na 97 ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 1, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, ga mai kamfe da addini ko ƙabila. Duk kafar da ta tuna da wannan doka a kan masallaci ta manta da ita a kan coci, ko akasin haka, ta yi awo da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. Suratul Muɗaffifina ta gaya mana makomar masu irin wannan awo.

To amma ta yaya za ka tabbatar an yi? Ba da zafin zuciya ba. Ka ɗauki labari biyu daga kafa guda, ba ɗaya daga jaridar Legas ɗaya daga shafin Facebook na Kano ba. Aikin ya zama iri ɗaya: goyon baya da goyon baya, tsinuwa da tsinuwa. Malamin da ya ce a zaɓi wane ba daidai yake da wanda ya ce duk wanda bai zaɓi wane ba ya bar addini ba, kuma nan ne yawancinmu muke zamewa. Sannan ka duba kanun labarin. Wa aka liƙa wa laƙabin mai jawo ce-ce-ku-ce, wa aka kira da cikakken muƙaminsa? Wa aka ce ya yi gargaɗi, wa aka ce ya yi barazana? An tuntuɓi mutumin ko na kusa da shi kafin a buga? An tono wa ɗaya wa'azin shekara goma baya an bar ɗayan? Kwana nawa labarin ya yi a shafin farko? Daga ƙarshe ka cire sunan ka sa na wancan ɓangaren ka sake karantawa. In ranka ya sauya, to matsalar ba a jaridar kaɗai take ba.

Ba kowane bambanci ne ƙiyayya ba. Sau da yawa harshe ne. Huɗubar minti 40 da Hausa takan isa teburin editan da ba ya jin Hausa a matsayin guntun bidiyo na daƙiƙa 30, da fassarar wanda ya yanko shi. Karin magana ya koma barazana, ayar da aka janyo ta koma maganar malam. Shafukanmu na Hausa ma haka suke yi wa wa'azin coci da aka yi da Turanci. Akwai kuma mai kafar da inda yake cin abinci a siyasa, akwai ambulan da ake miƙa wa 'yan rahoto bayan taro, akwai yunwar masu latsawa, domin kanu mai zafi shi ke kawo talla.

Yanzu mu juyo kanmu, don nan ne abin ya fi ciwo. A daren shiga 2015 Fada Ejike Mbaka na Enugu ya juya wa Jonathan baya ya goyi bayan Buhari, Arewa ta yi ta yabonsa. A 2021 ya ce Buhari ya sauka, masu yabon suka koma zagi. A 2022 ya soki Peter Obi, sai nasa suka taso masa, har bishop ɗinsa ya hana mabiya Katolika zuwa wurin taronsa. Bishop Kukah ya soki gwamnati a saƙon Kirsimeti na 2020, da yawanmu muka ce ya tsaya a aikin coci. A Afrilun 2022 kwamitin masallacin rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo a Abuja ya tuɓe Sheikh Nuru Khalid daga limanci saboda huɗubarsa a kan rashin tsaro, kwanaki kaɗan bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Nawa ne daga cikinmu matsayinsu a kan mutanen nan uku ya zama ɗaya? Ko malamin addini yana da damar tsoma baki a siyasa, ko ba shi da ita. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai ko da ya faɗo a kan malaminka.

Mu a Jos ba mu da uzurin wasa da wannan. Rikicin Nuwamba 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi, kafin gari ya ankara ya rikiɗe ya zama na addini. A lokacin babu WhatsApp a hannun kowa. Yau guntun bidiyo ɗaya yana zaga Terminus zuwa Bukuru kafin a idar da sallar Juma'a.

Saboda haka in bidiyo ya shigo wayarka, nemi cikakkensa a shafin masallacin ko cocin, ka saurari minti biyar kafin wurin da aka yanka da biyar bayansa. Ɗauki hoton allon ka saka a Google Lens, sau da yawa za ka tarar na zaɓen baya ne aka sake ɗorawa. Duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa sun taɓa bin diddiginsa.

In ka tabbatar an yi rashin adalci, zagi a ƙarƙashin labarin ba ya gyara komai, ƙara masa kasuwa yake yi. Rubuta wa editan, ka kawo labaran biyu da kwanan watansu, ka nuna kalmar da aka bambanta, ka nemi a buga martaninka. In rediyo ne ko talabijin, kai ƙorafi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da sunan tashar, sunan shirin, rana da lokacin da aka watsa shi, tare da muryar da ka naɗa. Wasiƙar da matashin Musulmi da na Kirista suka sa wa hannu tare ta fi wuyar jefarwa a kwandon shara.