Akwatin lasifika ba ganga ba ne

Jiya bayan la'asar ƙanen wani abokina ya shigo ɗakina a Tudun Wada, Zariya, ya tarar ina sauraron kiɗa. Ya zagaya lasifikun nan biyu da na haɗa da hannuna, ya shafa su, sannan ya jefo tambayar da kowa ke yi: "Yaya, wat nawa ne?" Na ce masa amfilifayar ba ta wuce wat 30 a kowane gefe ba. Ya kwashe da dariya, wai nasa an rubuta 3000 a jikin kwali. Ban yi masa musu ba, na dai ce ya zauna a tsakiya. Da mai kalangu ya matsa tsarkiya sai na ga yaron ya waiga yana neman inda mutumin yake.

Abin da ya sa nake wannan rubutun ke nan. Mu a nan da ido muke sayen sauti, sai kuma da lambar da aka rubuta a kwali, wadda sau da yawa ƙaryar 'yan talla ce, musamman in ka ga an liƙa mata PMPO. Akwatin kuwa mun ɗauke shi tamkar kabad: a yi shi babba, a sa masa sheƙi, shi ke nan. Ni ra'ayina, bayan na yi asarar katako ba sau ɗaya ba, shi ne rabin sautin yana wurin kafinta, kuma aikin kafintan shi ne ya yi akwatin da ba ya magana.

Ga dalili. Lasifikar da muke amfani da ita, mai mayen ƙarfe da naɗin waya da faifan takarda, tsarinta bai canza sosai ba tun 1925 da Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da shi a kamfanin General Electric na Amurka. Faifan yana tura iska gaba, a daidai lokacin kuma bayansa yana jan iska. Sauti mai kauri, wanda muke cewa bes, zangonsa doguwa ce: sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kusa mita 7. Don haka iskar gaba sai ta zagayo ta cike gurbin ta baya, su kashe juna. Ka ɗora wufa, wato lasifikar bes, tsirara a kan tebur ka kunna, za ka ga takarda na ta tsalle amma kunnenka ba ya jin komai sai ƙyas-ƙyas. Akwati shi ne katangar da ke raba gaba da baya. Babban aikinsa ke nan.

Ganga kuwa akasin haka ce. Masassaƙi yana son kangon ya amsa, don muryar gangar daga fata da itace take fitowa tare. In akwatin lasifika ya amsa, to ya sa baki a maganar da ba tasa ba. Shi ya sa za ka ji wasu manyan akwatuna a wurin biki kowace waƙa bes ɗinta iri ɗaya ne, bum, bum, bum, kamar ana dukan duro. Ba makaɗin ba ne, katakon ne ke rera tasa.

Akwatin farko da na yi, da maɗaci na yi shi. Wai ni mai son abu mai kyau. Na je wajen 'yan katako a Sabon Gari cikin watan Agusta, ruwa na zuba, na zaɓi filanki jajir mai nauyi na kai wa wani dattijon kafinta. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Malam, wannan bai gama shan iska ba. Ka bari sai bayan hunturu." Na ce, "Baba, ai an ce maɗaci ba ya motsi." Ya ce to, kuɗinka ne. Ya yi aiki tsaf, har maƙwabta na leƙowa. Ana shiga Janairu, wani dare ina kwance na ji tas! kamar an taka busasshen kara. Da safe na tarar da tsaga a gefen hagu daga sama har ƙasa, tana iya cin bakin wuƙa. Bes ya gudu, sai wani huci da ke fita ta tsagar. Da na koma wurin Baba bai ce min komai ba, ya dai tura min benci ya ce in zauna.

Laifin ba na maɗaci ba ne. Itace zalla yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin hakan, ba a tsawo ba. Garin da ke tashi daga jiƙewar damina ya faɗa bushewar hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya, ba wurin da za a haɗa filankai shida a matse su da gam a ce kada iska ta fita ba ne. Kujera za ta jure, don ba ruwanta da ƙaramar kafa. Akwatin lasifika ba ya yafe ko huda ɗaya. Tun daga nan na koma filawud mai kauri ko MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, mai milimita 18. Ba su da kwarjinin maɗaci, amma ba sa motsi yadda yake yi, kuma MDF ba shi da amo, wanda a wannan aikin yabo ne.

Sai batun awo, inda na fi samun saɓani da kafintoci. Abin da lasifika ke buƙata shi ne yawan iskar da ke cikin akwati, ana ƙirga ta da lita. Ka ba kafinta santimita 30 da 25 da 50, kana nufin ciki, wato lita 37 da rabi. Shi kuma ya saba da awon waje, kamar na kowace durowa. Da katako mai milimita 18, cikin ya koma 26.4 da 21.4 da 46.4, wato kusan lita 26. Lita goma sha ɗaya ta tafi a kan rashin faɗar kalma ɗaya. Daga jarka ɗaya da rabi ka dawo jarka ɗaya. Yanzu in na rubuta awo sai na rubuta CIKI da manyan baƙaƙe, kuma in tsaya a wurin har a yi yankan farko.

To wa ke faɗa maka lita nawa? Ba son rai ba ne. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sidni. Daga aikinsu aka samu lambobin da kamfanin kirki ke rubutawa a takardar lasifika, irin su Fs da Qts da Vas. Ka zuba su a manhaja irin WinISD, wadda kyauta ce, ta nuna maka girman akwati da tsawon bututu. Matsalarmu ita ce yawancin wufar da ke kasuwa, sabuwa ko 'yar gwanjo, ba ta zuwa da takarda. Shawarata ga mai farawa a nan ita ce ya yi rufaffen akwati marar rami, dangin wanda Edgar Villchur ya shahara da shi tun 1954, inda iskar da aka kulle take zama kamar sifirin a bayan faifai. Irin wannan yana da haƙuri, ko ka kuskure awo kaɗan ba zai tona maka asiri ba.

Mai rami shi ne kowa ke so, kuma shi aka fi ɓatawa. Ramin nan ba tagar shan iska ba ce. Ka hura bakin kwalbar lemo ka ji muryar da ta fitar, ka zuba ruwa rabi ka sake hurawa, muryar ta sirance. Haka akwati da bututunsa suke, girman ciki da faɗin bututu da tsawonsa su ne ke zaɓar muryar da za a ƙarfafa. In bututun ya ƙara tsawo muryar ta ƙara kauri, in ya cika siriri ya riƙa fito. Amma sai ka ga an ɗauki abin huda an fasa rami biyu don kawai su yi kyau a ido. Guntun bututun roba na masu aikin famfo ya isa, in dai an auna shi.

Ciki kuma, wanda ba mai gani, nan ne aikin yake. A sa tokara tsakanin bango da bango, a shafa gam a kowace mahaɗa kada a dogara da ƙusa, a toshe inda waya ta fita, a shimfiɗa auduga ko irin zaren da ake cusa wa filo don ya shanye amsa-kuwwa. In an gama ka ƙwanƙwasa gefe da bayan yatsa. In ya ce ƙwal kamar ƙwarya, da saura. In ya ce tik kamar ka daki bangon ƙasa, an zo wurin. A rufaffen akwati kuma ka tura faifan a hankali da yatsu ka saki: in ya dawo sannu-sannu akwatin ya kamu, in ya yi wuf ya dawo to akwai inda yake yoyo. Ko BBC da muka tashi da ita a kunne, da ta ƙera 'yar ƙaramar lasifikarta LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri, filawud mai milimita 12 ta yi amfani da shi, aka liƙa masa faifan kwalta ta ciki don a kashe masa amo. Cikinta wajen lita 5 ne kacal, kuma har yau masu kunne na rububinta.

Kar a ce na raina ado. Ina son abu ya yi kyau, kuma uwargida ba za ta yarda a girke mata baƙin akwati mai kafet a falo ba. Sai dai ado shi ne na ƙarshe, kuma yana son haƙuri. Bakin MDF inda aka yanka yana shan fenti kamar soso, dole a fara shafa masa gam da aka tsinka da ruwa, ya bushe, a goge. Samfefa daga lamba 120 zuwa 180 zuwa 240, ba tsallake. Banish shafi uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri da zai yi hawaye. In hunturu ne kuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa ka yi shafin da sassafe a cikin ɗaki, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kai ya fito kamar fuskar mai ƙyanda. A rufe hanci da baki wajen yanka MDF, ƙurarsa ba ta da kirki ga huhu, kuma abin na damuna in na ga yaran shago suna shaƙarta yini guda. A yi masa ƙafafu na roba, don ranar da ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa zai kumbura kamar burodi.

Na san masu haya da kayan sauti za su ce ni ɗan falo ne. Da gaskiyarsu a wani wurin. Akwatin da za a jefa bayan a-kori-kura yau Samaru gobe Kofar Gayan, filawud da kafet da ƙarfen kusurwa ne maganinsa, MDF zai farfashe kuma ya karya bayan mai ɗauka. Amma awo da tokara da toshe kafa ba su san falo ko fili ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne hannun yana nan. Kafintan da ke haɗa ƙofar da za ta shekara talatin ba ta sauka ba, akwati mai bango shida ba zai gagare shi ba. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ɗaliban lantarki na ta lissafi a takarda, kafintoci na ta yanka da ido, kuma ba mai zuwa shagon wani. Zama ɗaya na yini guda zai raba gardamar.

Baba kafinta dai yanzu in na shigo da takarda sai ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ciki ko waje?" Akwatin maɗacin nan kuwa yana nan a zaure, na cire masa wufa, yara na zuba takalma a ciki.