A Fara Tambayar Waɗanda Shafin Gwamnati Ya Ƙi Karɓa

Wata Talata na shiga shagon kwamfuta a Jekadafari, cikin garin Gombe, don in buga takardu, na tarar da wani dattijo da ya baro Nafada tun da asuba, riƙe da leda cike da takardun 'yarsa. Fom ɗin tallafin karatu ya zo a cika mata a shafin wata hukuma. Yaron shagon ya shigar da suna, shafin ya ƙi. A takarda ɗaya sunan uban Muhammadu ne, a wata Mohammed, a ta uku an ƙara Nafada a ƙarshe. Da ƙyar aka wuce nan, sai yaron ya ce, "Baba, an turo lamba ta waya, karanto min." Layin da aka yi rajista da shi kuwa yana hannun yayan yarinyar a gona, inda babu sabis. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, yanzu ya za a yi?" Amsar ita ce sai gobe. Goben nan kuwa kuɗin mota ne zuwa da komowa, da wuni guda da ba a yi aiki ba.

Shi nake tunawa duk lokacin da aka taso da zancen jin ra'ayin jama'a kan inganta ayyukan gwamnati ta intanet. Hanya mafi sauƙi ga hukuma ita ce ta liƙa fom a shafinta ko a Facebook, da Turanci, ta ce kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Wa zai cika? Mai babbar waya, mai data, mai boko, wanda dama shafin bai ba shi wahala ba. Sai a tattara amsoshi a rubuta rahoto cewa jama'a sun gamsu, alhali wanda ya koma gida hannu rabbana ko labarin tambayar bai ji ba.

Ni ba na cikin masu kewar zamanin fayil da layi. An kawo BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, a Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, da layukan waya, lokacin ɗan Gombe, Isa Ali Pantami, yana ministan sadarwa. A nan jiha an kafa GOGIS don mayar da takardun filaye cikin na'ura, kuma Gombe ta zo ta ɗaya a ƙasa wajen sauƙaƙa kasuwanci a ƙididdigar PEBEC, majalisar shugaban ƙasa kan sauƙaƙa kasuwanci, ta 2021 da ta 2023. Duk inda na'ura ta shiga tsakanin talaka da mai cewa "kawo na goro", ci gaba ne. Sai dai tunda abin ya zama dole, tunda yaro ba zai zana JAMB ba sai da NIN, to jin kukan wanda ya maƙale shi ma ya zama dole.

Inda ni ake tambaya, da masu shagunan kwamfuta za a fara. Su ne ainihin teburin gwamnati a wurin talaka. Yaron da ke cika fom talatin a rana ya san shafin da ke sulalewa da azahar, ya san wanda ke ƙin hoto don ya yi nauyi, ya san wanda ake cire kuɗi rasit bai fito ba. Ya kuma san mutum nawa ya buɗe wa imel wanda ba za su sake dubawa ba, duk saƙon da hukuma ta tura musu can yake kwance. A zaunar da irinsu daga Kumo, Bajoga, Billiri da Dukku wuni ɗaya, za a ji abin da ƙwararren da aka ɗauko daga Abuja ba zai gano a wata guda ba.

Sai yadda ake tambayar. Mutanenmu suna da kara. Ka ce wa dattijo "Baba, kun gamsu?" zai ce "Alhamdulillahi, Allah ya saka", ko da sau huɗu ya yi sintiri. A tambaye shi sau nawa ya dawo, nawa ya kashe, a wane mataki ya tsaya, wa ya cika masa. Mafi kyau ma, ma'aikaci ya zauna gefensa ya kalli yadda yake fama da wayar, kada ya karɓa ya taya shi. Matsalar suna ta ishe mu misali: an tsara fom da gurbin sunan dangi, mu kuwa sunan uba muke sawa, wani ya sa garinsu. Wanda bai zauna da mu ba ba zai san wannan ne ke hana yara tallafi ba.

Jihar tana da ƙananan hukumomi 11, kuma ba kowa ne zai iya zayyana damuwarsa da Hausa ba, balle Turanci. A yi da Fulatanci, Tangale, Tera da Waja. A buɗe layi a rediyo. Matan aure da ke cikin gida sai mata 'yan uwansu, kamar yadda ake bi gida-gida lokacin rigakafi. Kada kuma a nemi NIN ko lambar banki kafin mutum ya yi magana. 'Yan damfara sun sa kowa ya tsorata, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a karɓi abin da ya wuce buƙata ba.

Wani zai ce wannan aiki ne mai cin kuɗi. Haka ne, amma kuɗin ana biyansa yanzu ma, daga aljihun dattijon Nafada yake fita. Abin da ya fi damuna shi ne shiru bayan an tattara. Tun 2004 aka kafa SERVICOM don karɓar koke, amma har yau mutane da yawa gani suke faɗa da rashin faɗa ɗaya ne. Bayan wata uku, shugaban hukuma ya shiga rediyo da kansa ya ce: kun yi kuka kan bambancin suna, ga ofishin da za a gyara a ƙaramar hukumarku, ga kuɗinsa, ga kwanakin da zai ɗauka, kun nemi a riƙa turo saƙo da Hausa, wannan sai baɗi, ga dalili.