Ɗan dambe ma yana kwashe liƙinsa

Ranar Talata 11 ga Agusta, 2020, na dawo daga aiki na tarar da maƙwabcina zaune a matakalar ƙofar gidansa ya zabga tagumi. Dattijon Bature ne mai barkwanci, ko gaisuwa ba ya bari ta wuce sai ya haɗa da zolaya. Da na ga yanayinsa, ga kuma lokacin annobar korona da ake ciki, sai gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi masa. Na tsaya daga nesa da takunkumi a fuskata na tambaye shi ko lafiya. Ya ce ina fa lafiya, an ɗage ƙwallon bana.

Na shiga gida ina dariya. Daga baya na gane cewa ni ne ban san garin da nake zaune ba.

A Columbus nake, babban birnin jihar Ohio a Amurka, kuma duk wanda ya kwana biyu a nan ya san cewa jami'ar Ohio State ce ke riƙe da zuciyar garin ta hanyar ƙwallonta. Ba irin tamu ba ce. Sunanta dai ƙwallon ƙafa, amma rungume ta ake yi a ƙirji ana gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna bin mutum su kayar da shi. Filin jami'ar yana cin mutum sama da 100,000, ya ninka filin Sani Abacha na Ƙofar Mata sau da yawa. Ranar Asabar ta wasa kuwa, gari ya zama ja, launin rigar jami'ar, daga jariri har tsohuwa mai sanda. Masu tsayawa a sahun gaba na wasan, da yawansu sun haura kilo 130, kuma aikinsu shi ne su durƙusa fuska da fuska da abokin karawa, numfashin wannan na shiga hancin wancan, sannan su gwabza, su sake, sau sittin ko saba'in a yini guda. Idan da za a ce wani ya zauna ya tsara wasan da cutar numfashi za ta fi so, da wuya ya wuce wannan.

Abin da ya kamata mai karatu a gida ya riƙe shi ne, waɗannan ƙartin ɗalibai ne. A wancan lokacin doka ta hana a ba su albashi. Abin da suke samu kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da ɗan abin kashewa. Kocinsu kuwa ba a magana. A 2019 jami'ar Clemson ta ba kocinta Dabo Swinney kwantiragin shekara 10 a kan dala miliyan 93. Rukunin jami'o'in da tamu take ciki, wanda ake kira Big Ten, yana raba wa yawancin membobinsa sama da dala miliyan 50 kowacce a shekara, akasari daga kuɗin talabijin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi, ba a taɓa yi mata fassara mai kyau irin wannan ba.

To, a ranar da maƙwabcina ya yi tagumi, shugabannin jami'o'in Big Ten 14 ne suka kaɗa ƙuri'a, 11 suka ce a ɗage wasa, uku suka ƙi: Ohio State, Nebraska da Iowa. Rukunin Pac-12 na yammacin ƙasar ya bi sahu a ranar. Tun 8 ga Yuli su Harvard da Yale suka riga suka rufe nasu, ba wanda ya yi kuka, don ƙwallonsu ba ta ciyar da kowa. Jami'o'in kudu, su Alabama da Clemson, suka ce su dai wasa ba fashi. Babban abin da ya tsorata likitoci shi ne kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cuta kan bari bayan ta wuce. Yaro zai warke, ya ji garau, alhali zuciyarsa na ɗauke da rauni, idan ya matsa mata da gudu tana iya tsayawa nan take.

Mako biyar kacal hukuncin ya yi a raye. Justin Fields, jagoran 'yan wasan Ohio State, ya buɗe takardar koke a intanet, dubban ɗaruruwan mutane suka sa hannu. Iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Big Ten kusa da Chicago. 'Yan wasan Nebraska takwas suka kai ƙara kotu. Ranar 1 ga Satumba Shugaba Donald Trump da kansa ya kira Kevin Warren, shugaban rukunin, a waya. Zaɓe saura wata biyu, kuma jihohin da ake kokawa a kansu, Michigan, Wisconsin, Pennsylvania da Ohio, duk ƙasar Big Ten ce. Ranar 16 ga Satumba aka fito aka ce an sake shawara, za a fara wasa a ƙarshen Oktoba. Dalilin da aka bayar shi ne an samu gwajin gaggawa da za a riƙa yi wa kowane ɗan wasa kullum, kuma wanda ya kamu zai huta kwana 21, a duba zuciyarsa kafin ya dawo.

Ban ce ƙarya suka yi ba, tsarin mai kyau ne. Amma a daidai wannan lokacin maiɗakina tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Na tuna daren da ta dawo da zazzaɓi, ta shige ɗakin yara ta kulle, mu muka koma falo. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa in ƙwanƙwasa in ja da baya, ƙaramar 'yarmu tana zura yatsu ta ƙasan ƙofar tana kiran Umma. Kwana biyar muna jiran sakamakon gwaji. Allah ya taimaka ba korona ba ce. Amma a cikin kwana biyar ɗin nan, tafiyar minti ashirin daga gidanmu, an yi wa kowane ɗan ƙwallo gwaji sau biyar, yana samun sakamako kafin ya ɗaura takalmi. Mai juya tsoho a gado tana jira, mai gudu da ƙwallo ba ya jira. Daga nan na daina ɗaukar maganar a matsayin ta lafiya zalla.

Ƙanena da ke Kano, wanda ba ya barin musu ya wuce shi, ya ce mini a waya, "Yaya, ai kai ma ka faɗa, yaran da bakinsu suka ce suna son wasa. Wa ya tilasta su? Ɗan dambe ma ai ya san zai iya barin haƙori a fage." Na ce masa madalla da ka kawo dambe, don a nan ne maganar take.

Na yi kallon dambe tun ina yaro, lokacin kaka, bayan an kai amfani gida. Na san yadda matashi ke zama a naɗe masa hannu da zare, makaɗi yana zuga shi, yana tashi tsikar jikinsa a tsaye yana kirari. Idan a wannan lokacin ka tambaye shi ko yana son shiga, ka yi tambayar banza. Wanda kalangu ke kiran sunansa ba ya cewa a'a. Shi ya sa yake da ubangida, wanda idan ya ga abokin karawar ya fi ƙarfin yaronsa zai riƙe shi ya ce ba yau ba. Sannan idan ya yi kisa, kuɗin da 'yan kallo suka liƙa masa a goshi nasa ne. Zai sallami makaɗa da yaransa, amma da hannunsa zai raba. Jikinsa ya sa a caca, shi ya kwashi abin da ta bayar. Ɗalibin Amurka na 2020 ya sa nasa jikin, ubangidan da ya kamata ya riƙe shi kuma shi ne mai jiran kuɗin ƙofa.

Batun "da bakinsu suka ce" ma yana buƙatar a dube shi da kyau. Cikin ɗaliban da ke wannan wasa, waɗanda ake ɗauka zuwa babbar gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma 'yan shekaru kaɗan yaro ke da su ya nuna kansa. Kusan rabin 'yan wasan manyan jami'o'in baƙar fata ne, daga al'ummar da korona ta fi yi wa ɓarna a ƙasar, da yawansu kuma su ne gida ke sa wa ido. An ba kowa damar ya janye ba tare da ya rasa tallafin karatunsa ba, haka ne. Amma dubi fitattun da suka janye: Ja'Marr Chase, Penei Sewell, Micah Parsons. Dukkansu NFL ta ɗauke su cikin mutum 12 na farko a 2021. Sun riga sun yi suna, hutun shekara bai rage su da komai ba. Yaron da ke fafutukar samun gurbi ya san idan ya zauna gida wani zai gaje wurinsa, kuma koci ba ya mantuwa. Wasu jami'o'in ma tun a watan Yuni suka miƙa wa yaran takarda su sa hannu cewa sun san haɗarin da ke ciki, sai da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana a tilasta wa ɗan wasa yafe haƙƙinsa na kai ƙara. A farkon Agusta wasu 'yan wasan Pac-12 sun fito sun nemi kariyar lafiya da inshora da kason kuɗin shiga. Tasu muryar ba ta samu kiran waya daga fadar shugaban ƙasa ba.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: abin bai yi munin da aka ji tsoro ba. Binciken da aka yi kan 'yan wasan Big Ten 1,597 da suka kamu ya sami kumburin zuciya a jikin 37, yawancinsu ma ba su ji alamar komai ba. Maƙwabcina yana son wannan adadin, yana yawan jefo mini shi. Amsata kullum ita ce, a 2021 aka fitar da shi. A watan Satumba da aka yanke hukunci, abin da ke hannu ɗan ƙaramin bincike ne na jami'ar garin nan, mutum 26, huɗu da alamun kumburi. Da wannan a gabansu suka ce a shiga fili. Kakar ma da ɗingishi ta tafi. Wasanni sama da 100 aka soke ko aka ɗage. Karawar Ohio State da Michigan, wadda ba a taɓa fashinta ba tun bayan 1917, ta faɗi saboda cutar ta shiga sansanin Michigan. Da wannan ya sa Ohio State ta gaza cika wasa shida da aka gindaya don shiga wasan ƙarshe na rukuni, sai aka taru aka cire sharaɗin. Dokar da ta tsaya tsakanin jami'a da kuɗi ba ta kwana biyu ba.

Kada ƙanena ya ji daɗi ya ce mu mun fi su tausayi. A shekarar mun haƙura da abubuwan da suka fi ƙwallo girma a wurinmu: ba a yi hawan Sallah a Kano ba, maniyyata ba su sauke farali ba, gasar ƙwallon Najeriya ta tsaya tun Maris ba a ƙarasa kakar ba. Amma kwanaki kaɗan kafin a tsayar da ita, ranar 8 ga Maris, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafiya ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Ya rasu. Shekara 31 ke nan bayan Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Legas ana wasa da Angola a 1989. Mu ba sai annoba ta zo ba muke wasa da zuciyar yaro. Da za a ce in zaɓi inda ɗana zai faɗi a fili, Allah ya kiyaye, nan Amurka zan zaɓa, ba na ko tantama. Abin da ke ci mini rai da na nan shi ne, suna da likita, suna da na'ura, sun san komai, sai dai ba su yarda a ajiye maganar kuɗi da maganar jikin yaro a faifai ɗaya ba. Sai a Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke wa NCAA hukunci, daga 1 ga Yuli kuma aka bar ɗalibi ya ci kuɗin talla da sunansa. A 2025 aka amince jami'o'i su fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Yawancin waɗanda suka buga kakar korona sun riga sun tafi.

Ranar 11 ga Janairu, 2021, Alabama ta lallasa Ohio State da ci 52 da 24 a wasan ƙarshe na ƙasa. Washegari na iske maƙwabcina a ƙofar gida ya tura hannu cikin rigar sanyi. Don in ɗebe masa kewa sai na nuna masa bidiyon dambe a wayata. Ya kalla har ƙarshe, ya ga ana manna wa wanda ya yi kisa takardun naira a goshi suna zubowa ƙasa, yaransa na tsincewa. Ya tambaye ni wa ke ɗaukar kuɗin. Na ce shi mai damben. Ya ɗan yi shiru, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ai namu suna samun digiri kyauta." Sannan ya tambaye ni ko akwai wani bidiyon.