Kishin ƙasa ba a bakin makirifo kaɗai yake ba, 'yan'uwa

Jama'ar Allah, yau da mu Kiristocin Zariya nake magana, na Wusasa da na Sabon Gari da na Samaru har su Palladan da Hanwa. Duk ranar Lahadi sai mun miƙe a majami'a mun yi wa Najeriya addu'a, Allah ya ba shugabanninmu hikima, Allah ya kawo sauƙi, amin ɗinmu har kan titi ana ji. To madalla. Amma ana tashi daga sujada kowa ya kama gabansa, kuma a layin da mutum yake zaune akwai gwauruwar da tun jiya ba ta ɗora tukunya ba, ya sani sarai, in ka yi masa magana sai ya ce ai laifin gwamnati ne. Wannan kalma ta "gwamnati ce" ta zama mana mafaka, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Kar wani ya ce ina wanke gwamnati. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, kuɗin Keke Napep daga Kwangila zuwa PZ ya ninka, mudun masara ya bi sahu. Ruwan famfo kuwa mutanen garin nan sun fi kowa sanin labarinsa, shekara da shekaru ana alkawari ana kashe kuɗi amma har yau unguwanni da yawa 'yan garuwa ne ke riƙe da su. Hanya da tsaro da asibiti da makaranta haƙƙinmu ne a wuyan waɗanda muka zaɓa, mu tambaye su, mu matsa musu, ranar zaɓe mu fito da katinmu. Shi kansa Yesu Almasihu ya ce a ba Kaisar abin da yake na Kaisar, ke nan akwai abin da ke wuyan hukuma. Sai dai yaron maƙwabcinka da zazzaɓi ya kama da ƙarfe biyun dare ba zai jira majalisa ta zauna kan kasafin kuɗi ba, kai mai mota ko mashin a tsakar gida kai ne za ka kai shi asibitin Shika ko na Wusasa.

Ku sake karanta Luka sura 10 a natse. Mutumin da 'yan fashi suka yi wa rotse a hanyar Yariko, firist ya wuce shi, Balawi ya wuce shi, duka biyun mutanen ibada ne fa, irinmu masu zuwa sujadar safe da ta yamma. Basamariyen da ya tsaya bai tsaya tambayar ina sojojin Roma suke da har aka bar fashi a hanya ba, alhali tambaya ce mai kyau. Ya ɗaure masa rauni, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya zaro dinari biyu daga aljihunsa, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Kuma wanda ya taimaka ɗin ba ɗan ɗarikarsa ba ne, tsakanin Yahudawa da Samariyawa ko gaisuwar kirki babu. A Zariya wannan yana nufin Malam mai shayi na bakin layi da Hajiya ta gidan baya suna cikin lissafi, ba 'yan ECWA ko Angilikan ko Katolika kaɗai ba. Na san akwai tabo, waɗanda suka ga rikicin addini na 1987 da waɗanda suka ga harin majami'u na Yunin 2012 ba za a ce musu su manta ba, ni ma ba zan ce ba. Amma annabi Irmiya a sura 29 mutanen da aka kwashe bayi zuwa Babila ya rubuta wa cewa su nemi lafiyar birnin da suke ciki, don lafiyarsa ita ce tasu. Mu kuwa ba bayi ba ne a nan, garinmu ne, a nan aka binne cibiyar da yawa daga cikinmu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ne muka fi kowa tarihin wannan aiki a gabanmu. Lokacin da mishan ɗin su Likita Miller, Baturen mishan da ya zauna a Zariya, ya koma Wusasa wajen 1929, da majami'ar St. Bartholomew da makaranta da wurin shan magani tare suka tashi, asibitin St. Luke yana nan har gobe. Daga wannan ɗan ƙaramin wuri aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa, a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi firamare kafin ya je Kwalejin Barewa. Mutanen nan ba su da ko kashi ɗaya cikin goma na abin da muke da shi yau, ba lantarki ba waya. Mu da muke da guruf na WhatsApp kala-kala, na zumuntar mata, na matasa, na mawaƙa, na 'yan ƙauyenmu, sai a turo roƙon jini ga mai naƙuda a asibiti mutum ɗari su rubuta "Allah ya ba ta lafiya" amma da ƙyar biyu su je a ɗiba.

Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi maganin irin wannan, wai ka ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ka ce masa ya sauka lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi ba tare da ka ba shi komai ba, me ya amfana.

Iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, da girmamawa nake faɗa, ku duba yadda ake raba baiko. Kuɗin tayil da sabon janareto da rufin bene kan fito cikin wata biyu in aka yi gidauniya, amma asusun gwauraye da marayu sai dai ragowa. A Ayyukan Manzanni sura 6 ƙorafin rabon abincin gwauraye ne ya sa ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman don wannan aiki, har da Istifanas, ba su ɗauke shi ƙaramin abu ba. Me zai hana a godiyar kaka ta bana a ware buhunan masarar da aka kawo a bi gida-gida a unguwa maimakon a yi gwanjonsu duka?

Wani zai ce shi ma fama yake da kansa, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka ciyo bashi. Amma mai rijiyar burtsatse zai iya fito da kan famfo ɗaya waje ya sake shi awa guda da safe, malamar makaranta za ta iya tara yaran layi ranar Asabar ta yi musu bitar lissafi kafin WAEC, ma'aikaciyar jinya ta auna wa tsofaffin unguwa hawan jini, teloli da makanikai su ɗauki yaro ɗaya koyon sana'a ba tare da kuɗin shiga ba. Mata masu adashi ku sa kwasa ɗaya ta zama ta wadda ta shiga uku. Akwai kuma son ranmu da ya kamata mu yi hattara da shi, a ba mutum mudu biyu na shinkafa a ɗauke shi hoto a watsa a Facebook, wannan tozartawa ce, kuma Matiyu sura 6 ta hana.

Ga damina tana tafe, kwatocin Sabon Gari da Tudun Wada cike suke da leda da robar fiya-wata, kuma mu muka zuba su ba kansila ba. Matasan majami'armu na shirin fitowa da shebur da baro ranar Asabar da safe, za mu je mu gaida mai unguwa da limamin masallacin layin mu gaya musu, in matasansu za su fito tare da mu to ya fi. Wanda ke da baro ko manjagara da zai ba mu aro ya yi mini magana ta inbos.