'Yan hayar da suka tare a motata

Mutumin da ya sayar mini da Volkswagen Beetle ɗin nan ƙirar 1972 ya rantse cewa abu biyu kawai take buƙata, fenti da haƙuri. Bai ambaci rufi ba. Gidan da nake ciki kuwa ba shi da gareji, sai wani ɗan fili a gefen katanga, ƙarƙashin bishiya, inda ciyawa ke fitowa yadda ta ga dama. Can muka tura ta, ni da yaran maƙwabta, muna nishi. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, a nan za ta riƙa kwana?" Na ce na ɗan lokaci ne. Na kuma sanar da ita cewa an ƙera irin motar nan fiye da miliyan 21, ba a daina ba sai 2003 a Meziko, don haka ba raɓa ce za ta ga bayanta ba. Ta ce Allah ya sa, ta koma ciki.

Na sayo shuɗin tamfol na leda, na lulluɓe ta ruf, na ɗaure da igiya ta ko'ina har iska ba ta da ƙofar shiga. Duk wanda ya wuce sai ya ce lallai mutumin nan yana ji da motarsa. Ranar da na kwance igiyar, warin da ya tarbe ni sai da na ja da baya. Gilasai sun yi gumi ta ciki, fumfuna ta yi wa sitiyari furfura, kujeru sun yi tabo-tabo. A saman rufin kuma, inda iska ta yi ta kaɗa tamfol a kan ƙura, ɗan fentin da ya rage ya goge har yana ƙyalli. Bakanikena ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna ya taɓa ciyawa, ya ce, "Yallaɓai, ruwan ai daga ƙasa yake zuwa. Danshi ya taso, ya tarar ka rufe masa hanya, ina kake so ya je? Da a ƙarƙashinta ka shimfiɗa tamfol ɗin, ka sa mata mayafin da iska ke ratsawa a sama." Na ce masa a jikin ledar da aka ƙunso tamfol ɗin hoton mota ne a ƙasa, tamfol a sama. Ya ce shi ma ya ga hoton.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Na kankare murfin tayar gaba na hagu har ƙarfe ya fito fes, na fesa masa shafen farko, irin tokan nan da ake yi kafin fenti. Ashe shi wannan shafen ba ya tare ruwa, tsotsa ma yake yi, an yi shi ne don fenti ya zo ya hau kansa da wuri. Kafin in gama na dama, na hagu ya fito da ɗigo-ɗigon tsatsa. Na koma hagu, dama ta fara. Na matsa baya, gaba ta tashi. Haka na yi ta zagaye motar da takardar gugar ƙarfe a hannu, tsatsa na biye da ni taku biyu a baya, har wani maƙwabcina ya tambaye ni ko motsa jiki likita ya ɗora ni.

Bishiyar da na zaɓa don inuwa ita ma ta ba da tata gudummawar. Tsuntsaye suka mai da rufin bayan gida, kashinsu kuwa cin fenti yake. Ganyaye suka ruɓe a kowane lungu, robobin gilashi suka tsattsage, ruwan sama ya sami hanya ya kwanta a daɓen motar. Wanda ya san Beetle ya san a ƙarƙashin kujerar baya batirinta yake. Da na ɗaga kujerar, sai na ga batirin ya karkace, ta gefensa kuma ina hango ciyawa kore shar. Shi kansa ya daɗe da mutuwa, don batirin da aka bari ba caji a hankali yake zubar da wutarsa har ya ƙi karɓar wata.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Birkin hannu da na ja iya ƙarfina, don kada ta gangara, ya manne a cikin gangar taya. Kulocin ma ya kama. Tayoyi sun sace, sun zauna a gefe guda. Bakanike ya ce mota mai dogon zama a giya ake barin ta, a sa mata katako a gindin taya, ko a ɗaga ta gaba ɗaya. Na lura duk shawarwarinsa sai bayan abu ya faru suke isowa.

Sai ranar tayar da inji. Na zubar da tsohon fetur da ya koma ja yana warin fenti, na wanke kafireto, na aro batir, na kira mutanen gida su shaida. Na murɗa makulli, sai abin share gilashi ya fara aiki. Na sake murɗawa, ta yi tari, ta kama. Daga baya, inda injin yake, sai ga wani abu kamar hadari: zare, ganye, guntun takarda, da ɓeraye suna dira ta kowane ɓangare. Injin Beetle ba ya amfani da ruwa, fanka ce ke hura iska a kan silinda ta cikin wani rufin kwano, kuma daidai cikin rufin nan suka gina gidansu. Kayan ginin ma ba su je nesa ba, ɓawon kwakwar da aka cusa a kujeru suka yago, suka haɗa da robar wayoyi. Bakanike ya yi tsalle ya kashe ta, yana cewa da ta ƙara minti kaɗan da zafi ya gama da injin. Zanzaro kuma ya toshe bakin salansa ɗaya da laka. Maiɗakina ta ce tunda dai akwai 'yan haya, in fara karɓar kuɗin wata in tara na gareji.

Yanzu tana kan tsakuwa, a ɗage, nesa da bishiyar, da mayafi mai numfashi da tarkuna huɗu a ƙarƙashinta. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya gano ta, kullum ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe ni da ladabi. Na faɗa masa ba ta sayarwa ba ce, gyara ta nake yi. Ya duba jan garin da ya zuba a kan tsakuwa, ya ce, "To yallaɓai, in ka canza shawara ka yi sauri, don mu a kilo muke saye, ita kuwa kullum raguwa take."